Zazzaɓi, Hadari da Faɗan Kyanwa: Wa Za Ka Zarga?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin dare da rana, Wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi musulmi, ga wata tambaya da na ke so ka tsaya ka dube ta da idon basira. Idan abubuwa uku masu ban tsoro suka taru maka a dare ɗaya, shin tilas ne a ce wani mutum ne ya tara su? Kada ka ɗauki wannan ƙaramar magana. An yanke zumunci a kanta, an fasa kawunan tsofaffi a kanta, an binne yara ƙanana a kanta, kuma imanin mutane da dama ya sami tsaga a kanta ba tare da sun sani ba.

Ga yadda abin ya kan zo. Damina ta kankama, ana cikin watan Agusta. Ƙanenka ɗan shekara huɗu ya wuni yana wasa, da magariba sai jikinsa ya ɗau zafi. Bayan lisha hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, kwanon ɗaki na ƙara kamar zai yaye, wuta ta ɗauke. Yaro ya fara sambatu, yana nuna lungun ɗaki yana cewa ga wani can tsaye. Mahaifiyarku ta rikice. Can tsakar dare, da ruwa ya ɗan tsagaita, sai ka ji wani irin kuka a bisa katanga, kai ka ce jariri a ke yankawa. Ka haska tocila, ka ga idanu huɗu suna ƙyalli kamar garwashi. Ɗayar kyanwar baƙa ce, kuma da ta tashi gudu sai ta dira gidan tsohuwar nan maƙwabciyarku, wadda mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji a gari. Hausawa na cewa dare mahutar bawa, to kai dai wannan dare ba ka runtsa ba.

Kafin ladan ya kira assalatu zuciyarka ta gama saƙa da mugun zare: ai tsohuwar ce ta rikiɗa ta zama kyanwa, ta biyo iska, ta zo ta kama kurwar yaro. Gari na wayewa ka faɗa wa abokanka. Wani ya ce shi dama ya daɗe yana zarginta. Wani ya tuna ranar da ta shafa kan yaron ta ba shi ƙuli-ƙuli. Kafin hantsi an ɗauko sanduna. Shi kuwa yaron yana nan kwance, ba wanda ya kai shi asibiti, domin an riga an ce wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Da kai na ke wannan magana, domin a irin wannan rana dattijo baki kawai ya ke sawa. Ƙarfin samari a ke ara a aikata ɓarnar.

ALƘALIN DA BAI YI BARCI BA

Abu na farko, ka san halin da ka ke ciki lokacin da ka yanke wannan hukunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu alhali yana cikin fushi. Malaman fiƙihu suka yi ƙiyasi a kan wannan, suka haɗa da duk abin da ke dagula tunani, kamar matsananciyar yunwa da gyangyaɗi da tsoro da rashin lafiya. To idan alƙalin da ya sha karatu, ga shaidu a gabansa, ga rana tsaka, an ce ya dakata saboda ransa ya ɓaci, kai fa? Ba ka yi barci ba, kana jin tsoro, kana jin tausayin ƙanenka, duhu ne, shaidarka kuwa kyanwa ce. A haka ka zama mai ƙara, ka zama shaida, ka zama alƙali, da safe kuma kana so ka zama dogari.

Zuciyar ɗan Adam ba ta son ta ga masifa ba ta ga mai laifi ba. Sauron da ya ciji yaro ba ka iya kai shi ƙara. Iska ba ka iya kama ta ka ɗaure. Amma tsohuwa tana nan, katanga ɗaya ce tsakaninku, kuma ba ta da mai tare mata. Ka taɓa lura da waɗanda a ke ce wa mayu? Ka ƙirga su a garinku. Yaushe ka taɓa jin an ce uwar hakimi mayya ce, ko attajirin unguwa maye ne, an taru an ce sai ya tsallaka marar lafiya? Kullum sai bazawara, sai wadda ba ta taɓa haihuwa ba, sai baƙuwa, sai kishiya, sai mai ɗan taɓin hankali. Da maita a ke bi da an same ta a manyan gidaje kamar yadda a ke samun ta a ƙanana. Rauni a ke bi, ɗan'uwa.

Kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. A watan Yuli na shekarar 2020, a ƙauyen Kafaba da ke arewacin Ghana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu, bayan wata boka ta nuna ta ta ce mayya ce. Jama'a na tsaye suna kallo, wasu har suna ɗaukar hoto da waya.

RANAR DA IBRAHIM YA RASU

Yanzu ka dubi yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da irin wannan haɗuwa. A shekara ta 10 bayan hijira ɗansa Ibrahim, wanda Mariya ta haifa masa, ya rasu a Madina bai cika shekara biyu ba. A ranar kuma sai rana ta yi husufi. Masu lissafin falaki na zamanin nan sun ce wannan husufi ya dace da 27 ga Janairu, shekarar 632 ta miladiyya. Mutane suka ce ai saboda mutuwar Ibrahim ne rana ta yi duhu.

Ka tsaya nan ka yi tunani. Wannan magana yabo ce gare shi. Da wani shugaba ne mai son girma, da ya yi shiru ya bar ta ta bazu, har ta kai kunnen maƙiya. Ga shi kuma uba ne, yana cikin zafin rashin ɗa, hawaye sun zubo masa. Amma duk da haka ya tashi ya yi wa jama'a salla, ya yi musu huɗuba, ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, kuma abin da a ke so idan an ga haka shi ne salla da addu'a da sadaka. Bukhari da Muslim duka sun kawo shi. Abubuwa biyu sun faru rana ɗaya, a gari ɗaya, ɗaya a gidan Annabi ɗaya a sama, amma ya raba su. Ya mayar da kowanne ga Allah kai tsaye, bai yarda a ƙulla su da juna ba.

Mu kuwa idan wata ya yi husufi sai mu ce ya yi zazzaɓi, yara su fito suna kaɗa gwangwani. Wannan ma da sauƙi. A watan Janairu na 2001, da wata ya yi husufi, samari a Maiduguri suka fita suka ƙone otal-otal da mashaya, wai zunubin mutanen ciki ne ya jawo. Giya haramun ce, zina haramun ce, ba mai musu. Amma Annabi ya ga husufi ya nufi masallaci, su kuma sun ga husufi sun nufi fetur da ashana. Wane ne ya bi sunna a nan?

Haka kuma a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. An yi ruwa da dare. Da aka idar da sallar asuba sai ya juyo ga sahabbai ya sanar da su cewa a wannan safiya mutane sun kasu biyu: wanda ya danganta ruwan ga falalar Allah da rahamarSa, da wanda ya danganta shi ga faɗuwar wani tauraro, kuma na biyun ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Zaidu ɗan Khalid Al-Juhani ya ruwaito shi, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Larabawa sun ga ruwa na zuwa daidai da lokacin wasu taurari, sai suka ce tauraron ne ya kawo shi. To ka gaya mini, wanda ya ce tauraro ne ya kawo ruwa, da wanda ya ce tsohuwa ce ta kawo iska, wanne ya fi wani? Gara ma na farkon, bai doki kowa ba.

Zakara na cara, alfijir na ketowa, kullum tare. Ka yanka zakaran ka gani ko gari zai fasa wayewa. Sa'an nan ka yi wannan lissafi: dare nawa kyanwoyi suka yi faɗa a katangarku ba wanda ya kwanta ciwo, ka ja bargo ka ci gaba da minshari? Yara nawa suka yi zazzaɓi a unguwarku a daren da ba iska ba kyanwa? Waɗannan darare ba ka riƙe su ba, domin ba su ba ka tsoro ba. A tsakiyar damina hadari kusan kowane mako ne, zazzaɓi kusan kowane gida ne, kyanwa kuwa kowace unguwa. Da a ce ba su taɓa haɗuwa a dare ɗaya ba, shi ne abin mamaki.

KA WARWARE IGIYAR

Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kowanne daga ina ya taso, kuma yaushe.

Zazzaɓin da ya bayyana yau, idan na cizon sauro ne, ba yau ya shiga ba. Macen wani irin sauro ce ke cizo da dare ta zuba ƙwayar cutar a jini. Ƙwayar ta tafi hanta ta ɓuya tana hayayyafa, sa'an nan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. A lokacin ne jiki ke ɗaukar zafi da rawar ɗari. Tsakanin cizon da bayyanar ciwon a kan sami mako ɗaya zuwa biyu. Watau tun ranar da ka ga yaron yana tsalle-tsalle lafiya lau, abin yana cikinsa, kuma a ranar babu hadari, babu baƙar kyanwa. Wani likita Bafaranshe mai suna Laveran ne ya fara ganin wannan ƙwayar cuta a jinin marar lafiya a ƙasar Aljeriya a 1880, wani Bature ɗan Ingila kuma, Ronald Ross, ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Yau da ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa a ke gane ta cikin minti 15 zuwa 20. Sambatun da yaro ke yi, da ganin mutane a lungun ɗaki, zafin jiki ne ya hau masa kai. Babba ma ya kan yi.

Ba sai an je wa Turawa ba ma kafin a ga masu lura. Lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Madina zazzaɓi ya kwantar da Abubakar da Bilal, Allah Ya yarda da su, har suna sambatu suna begen Makka. Nana A'isha, da ta ke ba da labarin kamar yadda Bukhari ya kawo, ta ce Madina a lokacin ta fi ko'ina annoba, kuma ta ambaci cewa kwarin Buɗhana yana gudana da gurɓataccen ruwa. Ba ta ambaci sauro ba, amma idonta ya kai ga ruwan. Ba ta ce wata tsohuwa daga mutanen gari ce ta kama kurwar mahaifinta ba, alhali baƙi ne su, kuma garin cike ya ke da masu ƙinsu. Annabi kuwa addu'a ya yi, ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina, Ya ba ta lafiya, Ya ɗauke zazzaɓinta.

Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ya kashe kusan mutum dubu 600 a duniya, kimanin kashi 30 cikin 100 daga cikinsu a Nijeriya, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Irin wanda ya fi yawa a ƙasashenmu yana iya tsananta ya kashe yaro cikin kwana ɗaya idan ba a yi magani ba. Ka ga ke nan safiyar da ka ɓata wajen tara samari, ita ce safiyar da ƙanenka ya fi bukata.

Hadarin kuma fa? Rana ta gasa ƙasa, iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta yi sama ta zama gizagizai, da ikon Allah. A ƙasashenmu irin wannan babban hadari daga gabas ya ke tafiya zuwa yamma, shi ya sa kowane manomi gabas ya ke duba. Wanda ya iso muku bayan lisha, da la'asar yana kan wasu garuruwa masu nisa, ya yaye rufinsu, ya jiƙa gonakinsu, kuma bayan ya wuce ku wasu zai tarar. Iska mai sanyi da ke zuwa kafin ruwa daga cikin hadarin ta ke saukowa. Tsawa da walƙiya abu ɗaya ne, sai dai haske ya riga sauti isowa. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa, to tsakaninku kamar kilomita ɗaya ne. Yanzu kana so ka ce duk wannan runduna, da ta ratsa ƙasashe, wata tsohuwa ce da ba ta iya ɗaga tulu ta taso da ita saboda yaro ɗaya? Haba ɗan'uwa! Wannan ai ba ta ka zaga ba, mulkin Allah ka ɗiba ka ba ta.

Saura kyanwa. Macen kyanwa idan lokacin barbararta ya yi ta kan yi kwanaki tana wani dogon kuka mai kama da na jariri, tana kiran muzurai. Su kuma muzuran su taru su yi ta yaƙi a kanta da kuma a kan iyakar yankinsu. Dabba ce da ta fi yawo da dare da goshin asuba. Ƙyallin idonta kuwa wata 'yar fata ce a can cikin idon mai mayar da haske kamar madubi, domin ta gani a duhu. Ka haska akuyarku da tocila, haka za ka gani, kuma ba ka taɓa ce wa akuya mayya ba. In kana son hujja ka yi haƙuri wata biyu, kwana sittin da 'yan kai, ka leƙa bayan rumbu ko ƙarƙashin tarin itace, za ka tarar da 'yan kyanwoyi idonsu bai buɗe ba. Abin da a ke yi a katangarku ke nan a wancan dare.

Wannan dabba da ka ke shirin jifa, Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallo tana mamaki, ya sanar da ita cewa Annabi ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a gidajen mutane. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa Abu Huraira, daga 'yar kyanwar da ya ke ɗauka ya samo shi. Kuma Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, har ta mutu. To idan kyanwa ta kai mutum wuta, ina ga tsohuwa musulma mai kalmar shahada?

Abu uku, kowanne da hanyarsa da ranar tasowarsa: ɗaya tun mako biyu, ɗaya tun la'asar, ɗaya bisa ɗabi'ar da aka halicce ta a kai. Lalle akwai Wanda Ya haɗa su a dare ɗaya, amma Shi ne Wanda Ya ƙaddara komi. Da ka ce Allah ne Ya haɗa su domin Ya jarraba ni, da ka faɗi gaskiya. Sanin sababi bai rage ikon Allah da komi ba, domin Shi Ya halicci sauron da hantar da iskar.

TO, SIHIRI DA ALJANU FA?

Na san za ka ce, malam, yanzu kana musun sihiri ne? Kana musun aljanu? A'a. Alƙur'ani ya ambaci sihiri a Suratul Baƙara, ya koya mana neman tsari daga masu tofi a ƙulle-ƙulle a Suratul Falaƙ, akwai sura sukutum da sunan aljanu, kambun baka ma ya tabbata a hadisi. Wasu manyan malamai sun ambaci cewa aljani na iya shiga siffar dabba. Amma ka bambanta magana biyu. Cewa abu yana yiwuwa daban, cewa shi ne ya faru a gidanku daren jiya, kuma wance ce ta yi, wannan daban. Akwai ɓarayi a duniya, amma wannan bai halatta maka ka kama duk wanda ya gifta ƙofar gidanku ba. Ta ina ka sani? Wahayi aka yi maka? Kuma babu aya, babu hadisi ingantacce, da ya ce 'yar Adam tana rikiɗa ta zama kyanwa ta lashe kurwar yaro. Wannan gadon maguzanci ne muka sa masa hula.

Dubi wanda aka yi wa sihirin na haƙiƙa. Labidu ɗan A'asam ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) sihiri, ya jefa a rijiyar Zarwana. Allah Ya sanar da shi sunan mutumin da wurin da abin ya ke. Wannan sani ne na yaƙini, ba zato ba. Me ya yi? Da Allah Ya ba shi lafiya sai ya sa aka cike rijiyar, ya gaya wa Nana A'isha cewa ba ya so ya tayar wa mutane da sharri. Mai wahayi ya ƙi tayar da fitina a kan abin da ya tabbata, kai mai tocila kana tayar da ita a kan abin da ka zata.

Haƙiƙa an ruwaito cewa idan an ji haushin kare ko kukan jaki da dare a nemi tsarin Allah. To abin da aka ce ke nan, neman tsari. Ba a ce a fita farautar maƙwabta ba, kyanwa ma ba ta cikin zancen. Suratul Hujurati ta umarce mu da nisantar yawan zato, da bincike kafin a aukar wa mutane da abin da za a dawo ana nadama.

Wanda zai tabbatar maka da zatonka kuwa yana nan yana jira: boka, ko ɗan bori, ko mai bugun ƙasa. Ba ya taɓa cewa ban sani ba, domin ban sani ba ba ta kawo kaza. Zai ce wata ce a kusa da ku, doguwa ko gajera, kai kuma ka cike masa sauran. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun fiye da shekara 200 da suka wuce, ya yi wa mutanen ƙasar Hausa wa'azi a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari, ga shi har yau muna nan.

ABIN YI A IRIN WANNAN DARE

Tsoro ba laifi ba ne. Nana A'isha ta ce idan Annabi ya ga hadari ko iska fuskarsa ta kan canza, ya shiga ya fita, yana tsoron kada ya zama irin abin da ya sami Adawa, sai ruwa ya sauka sa'an nan hankalinsa ya kwanta. Tsoronsa ga Mai iskar ya ke tafiya, shi ya sa ya hana zagin iska, ya koyar da roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta. Abdullahi ɗan Zubairu idan ya ji tsawa ya kan bar magana ya kama tasbihi.

Kai ma ka yi haka, sa'an nan ka duƙa kan marar lafiya. Ka rage masa tufafi, ka jiƙa tsumma ka riƙa shafa masa, domin Annabi ya yi umarni a sanyaya zazzaɓi da ruwa, Asma'u 'yar Abubakar ma haka ta ke yi wa matan da a ke kawo mata. Ka ba shi ruwa ya sha, ka ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa, ka karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi ka tofa masa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Idan ya fara jijjiga ka kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komi, kada a turnuƙe shi da hayaƙi. Jijjiga, ko suma, ko kasa shan ruwa, ko amai da duk abin da aka ba shi, waɗannan ba a jiran safiya da su. Ka nemo babur ko mota ko da ana ruwa. In kuma da sauƙi, gari na wayewa a je a gwada jini, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, akwai taifot, akwai sanƙarau. Ka kwantar wa mahaifiyarka hankali da magana mai taushi. In ta kawo zancen maƙwabciya kada ka yi mata tsawa, ka ce, Inna, mu fara kai shi a duba, Allah na nan. Kyanwoyin kuwa ka tafa hannu ko ka watsa musu ruwa, za su watse.

Kuma kada ka zagi zazzaɓin. Annabi ya shiga wurin Ummus Sa'ib ya tarar tana karkarwa, ta zagi zazzaɓi, ya hana ta, ya sanar da ita cewa yana kankare zunubai kamar yadda zugazugi ke fitar da dattin ƙarfe. Shi kansa zafin da ya kan ji idan ya kwanta kamar na mutum biyu ne. Barcin da ka rasa kana jinyar ɗan'uwanka, ga shi ya kai ka sulusin dare na ƙarshe idonka biyu, lokacin da a ke amsa addu'a, wanda a sauran darare da ƙyar ka ke ganinsa.

Idan kuwa wannan takarda ta same ka a makare, ka riga ka furta, ka riga ka ce wance mayya ce, to istigfari kaɗai bai isa ba, domin haƙƙin mutum ne. Ko a dokokin laifuffuka na Nijeriya jifan mutum da maita laifi ne da a ke hukuntawa. Kalmar nan ba ta tsayawa a kan tsohuwar. Za a daina sayen ƙosanta, za a hana yara shiga gidanta, jikokinta mata za su rasa manema, domin an ce maita gado ce. Ka tafi gidanta tare da wani dattijo, ka durƙusa ka ce, Iya, na zalunce ki, ki yafe mini. Sa'an nan ka koma dandalin da ka faɗi maganar, gaban mutanen da suka ji ta, ka ƙaryata kanka da bakinka. Da safe ka aiki ƙanen naka da kansa, in Allah Ya tashi kafaɗarsa, ya je ya sayo ƙosai a wurinta kowa na gani.